Yadda Ake Gano Lilon Sitiyarin Peugeot 504 da Gyara Shi, Daga Hannun Direba Zuwa Taya

Peugeot 504 ta fito a Faransa a 1968, a 1969 aka zaɓe ta motar shekara a Turai. Daga 1975 kamfanin PAN (Peugeot Automobile Nigeria) ya fara haɗa motocin Peugeot a Kaduna, aka ci gaba da fitar da 504 a can har wajen 2006. Ke nan ko autarsu da ke kan titi yau ta doshi shekara 20, wasu kuwa sun haura 40. Masu irin waɗannan motoci suna kula da inji, suna kai jiki wajen mai fenti, amma sitiyari sai an wayi gari direba yana kokawa da shi a kan babbar hanya kafin a tuna da shi. Inji in ya mutu, gefen titi za ka gangara ka tsaya. Tayirod, wato sandar da ke kai juyin sitiyari ga taya, in ya fice kana kan gudu, ba kai za ka zaɓi inda motar za ta nufa ba.

Abin da ya fi damuna a gyaran sitiyari shi ne gaggawar sayen kaya. Mota tana lilo, wato ana juya sitiyari taya ba ta bi nan take, sai a ce rak ne, a tafi kasuwa a sayo rak, a ɗaura, lilon yana nan. Ko kuma a kama notin rak a ƙara matse shi har sitiyarin ya yi tauri, a ce an gyara. Lilo yana da mazauni, kuma ana iya sa hannu a taɓa wurin. Sai ka gano wurin kafin ka kwance ko noti ɗaya.

Hanyar da juyi yake bi

Idan ka juya sitiyari, sandar da ke ƙarƙashinsa ce take juyawa. A ƙasan sandar akwai wani faifan roba mai zare a ciki wanda ya haɗa ta da finiyan, wato ɗan ƙarfe mai haƙora da ke shiga cikin rak. Rak doguwar sanda ce mai haƙora da ke kwance a gicciye cikin gidanta, finiyan yana tura ta hagu ko dama. A kowane bakinta akwai tayirod, da mahaɗa ta ciki wadda robar zuga-zugi take rufewa, da ta waje mai ƙwallo wadda ke riƙe hannun da taya take juyawa a kansa. Ita tayar kuma tana juyawa ne tsakanin boljoyin na ƙasa, wato mahaɗa mai ƙwallo, da boris ɗin da ke saman shokoziba. Ka ƙara boris na tayar kanta da bushin-bushin na hannuwan ƙasa, ka sami duk wuraren da lilo zai iya ɓuya. Sau da yawa ba wuri ɗaya ba ne: nan kaɗan, can kaɗan, su taru su zama babba a hannun direba.

Fara da taya, tun ba ka ɗauko sifana ba

Gwada iskar tayoyin gaba da safe kafin a tuƙa motar, ka daidaita su da abin da littafin motar ya ce. Taya ɗaya mai ƙarancin iska ta isa ta ja mota gefe, biyun duka kuwa su sa sitiyari nauyi. Duba notocin taya, duba ko rim ya lanƙwashe.

Daga nan ka karanta cin tayar. In gefe da gefe suka cinye tsakiya tana nan, iska ce ta yi kaɗan. In tsakiya ce ta cinye, iska ta yi yawa. In gefe ɗaya kawai ya cinye a tayoyin biyu, alaimen ne, wato saitin miƙewar tayoyin: bakin waje yana nuna kawunan tayoyin sun tsuke ciki fiye da kima, bakin ciki yana nuna sun buɗe. Shafa tafin hannunka a gicciye kan tayar. In ka ji santsi ta wannan gefe, kaifi ta wancan, tayar jan ta ake yi a karkace kan kwalta. In kuwa cinta kwari-kwari ne a zagaye, ka zargi shokoziba ko balansin.

Sai ka fita da ita kan hanya miƙaƙƙiya, ka saurari abin da hannunka ke gaya maka. Rawar da ke zuwa a wani gudu, misali tsakanin kilomita 80 zuwa 100, ta ɓace in ka wuce ko ka rage, yawanci balansin ne. Rawar da ba ta zuwa sai ka taka birki, faifan birki ne. Motar da ke ja gefe ɗaya, ka musanya tayoyin gaba, ta hagu ta koma dama: in jan ya sauya gefe, taya ce. In bai sauya ba, bayan ɗan tuƙi ka kai hannu kusa da rim ɗin kowane gefe, wanda ya fi zafi birkinsa na kamawa. Duk waɗannan ba laifin sitiyari ba ne, kuma an sha kwance rak mai lafiya saboda su.

Wanda yake na sitiyari shi ne motar da ke yawo, kana gyara ta hagu kana gyara ta dama ba hutawa, ko ƙwas-ƙwas a gargada wanda kake ji a tafin hannu, ko sitiyarin da ba ya komawa tsakiya da kansa bayan kwana.

Gwajin mutum biyu

Wannan shi ne zuciyar aikin, kuma ba ya cin ko sisi. Ajiye motar a wuri mai baje, tayoyi a miƙe, nauyinta a ƙasa, kada ka ɗaga ta tukuna. In sitiyarinta mai fawa ne, wato wanda famfon mai yake taimaka wa juyawa, a tayar da inji. Liƙa ɗan salatif a saman da'irar sitiyarin, ka riƙe rula kusa da shi. Juya a hankali zuwa hagu har ka ga taya ta fara motsi, sa alama, ka dawo dama har ta sake motsi. Tazarar da ke tsakani ita ce lilon. A gwajin lafiyar mota na Ingila, sitiyari mai faɗin milimita 380 mai aiki da rak ba a so lilonsa ya wuce milimita 13, mai akwati kuwa ana ɗaga masa ƙafa har 75. Milimita 13 bai kai faɗin babban yatsa ba. Wanda ya saba da lilon yatsa huɗu zai ce ai tsohuwar mota ce, haka suke. Ba haka suka fito daga masana'antar PAN da ke Kakuri a Kaduna ba.

Yanzu ka sa yaronka ko abokinka ya zauna ciki yana kaɗa sitiyarin hagu da dama, gajeren kaɗi, da ɗan ƙarfi, ba tsayawa. Kai kuma ka ɗauki tocila ka bi hanyar daga sama. Fara da sandar: in tana motsi sama da ƙasa ko gefe da gefe a cikin gidanta, bushin ɗinta ne. Sauka kan faifan roba. Ka zuba ido sosai a nan, domin a waje yakan yi kama da lafiyayye, sai an murɗa shi tsagewar da ke kusa da ramukan kusoshi take buɗe baki. In sandar sama ta motsa kafin ta ƙasa ta bi ta, ka kama ɓarawo ɗaya. Duba gidan rak kansa, ko yana zamewa a kan mazauninsa saboda kusoshi sun saki. Damƙe robar zuga-zugi ta kowane gefe, ka matse har yatsunka su ji mahaɗar da ke ciki. In akwai sako-sako za ka ji tana bugun yatsanka. Sannan ka dunƙule hannu a kan tayirod na waje, yadda tafinka zai taɓa shi ya kuma taɓa hannun tayar lokaci guda. Lafiyayye tare suke tafiya. Wanda ya ci, ɗaya yana riga ɗaya, kuma hannu yana jin abin da ido bai gani ba. In ka ga jan gari kamar tsatsa yana fitowa daga bakin robar ƙwallon, giris ya ƙare a ciki tuntuni, ƙarfe ne ke cin ƙarfe.

Kada ka tsaya don ka sami guda ɗaya. Bi har ƙarshe, ka rubuta duk abin da ka samu.

Ɗaga gaba

Ja birkin hannu, sa waigi a tayoyin baya, ɗaga gaban motar, ka ɗora ta kan ƙafafun ƙarfe na tsayar da mota. Ina roƙonka kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, kuma kada ka dogara da bulon siminti, yana rugujewa ba tare da ya yi gargaɗi ba. In babu ƙafafun ƙarfe, kututturen katako mai kauri ya fi bulo, ka kuma tura tayar da ka cire ƙarƙashin motar.

Kama taya da hannu ɗaya a hagu, ɗaya a dama, ka girgiza. Motsi a nan na tayirod ne ko rak. Sake kamawa sama da ƙasa. Motsi a nan na boris ne ko boljoyin. Don ka raba gardama, a taka birki a riƙe, ka sake girgizawa: in motsin ya ɓace boris ne, in yana nan boljoyin ne. Sa ƙarfen banɓare taya tsakanin hannun ƙasa da mazauninsa ka danna, ka ga ko bushin ya mutu. Bushin ɗin hannun da ke riƙe taya kada ta yi gaba ko baya, in ya ruɓe, mota tana karkata duk lokacin da aka taka birki, kuma alaimen ba zai taɓa zama ba.

Tun tana sama, juya sitiyarin daga ƙarshe zuwa ƙarshe da yatsa biyu. Ya kamata ya tafi sumul. In yana cijewa yana saki, cire tayirod ɗin waje daga hannun taya, ka juya kowace taya da hannu ita kaɗai. Wadda ta yi tauri, ko sifirin ɗinta yake yin ƙara yana tsalle, boris ɗin saman shokoziba ne ko boljoyin ya bushe. In tayoyin suna juyawa lafiya amma sitiyarin na cijewa, matsalar tana cikin rak ko sandar.

Robar zuga-zugi

Ita ce mafi arha a duk tsarin, kuma ita take kashe mafi tsada. Da zarar ta tsage, ƙurar hunturu ta shiga, damina ta zo ruwa ya bi. Lakato giris ɗin da ke cikin tsagaggiyar roba ka murza tsakanin yatsu biyu, za ka ji shi ƙiris-ƙiris, ya zama kamar yashin goge tukunya, kuma da shi rak yake goga haƙoransa kullum. Ɗaure ta da leda ko tsumma ba ya hana komai. A canza ta ranar da aka ga tsagewar. A buɗe lanƙwasarta ɗaya bayan ɗaya a duba, domin a can cikin kwarin take fara tsagewa. Wajen sa sabuwa, a goge tsohon giris tas, a shafa sabo, a ɗaure bakunan biyu da maɗaurinsu, a tabbatar ba ta murɗe ba.

Canza tayirod na waje

Goge zaren da burushin waya, zuba man kwance tsatsa, ka ba shi lokaci. Kafin komai, sa alamar fenti a inda notin kulle yake, ka auna tsawon daga wani tsayayyen wuri zuwa tsakiyar ƙwallon, ka rubuta. Ƙirga zagayen da ka yi wajen kwancewa yana da amfani, amma awo ya fi shi, domin sabon kan ba lallai tsawonsa ya zo daidai da tsohon ba.

Sassauta notin kulle tun kan yana maƙale a wurinsa, ya fi sauƙi. Cire fil ɗin da ke tsare notin ƙwallon in akwai, kwance notin har ya zo daidai bakin zaren, ka bar shi a nan. Ƙafar ƙwallon tsukakkiya ce, a matse take cikin raminta, ba za ta fito don an cire noti ba. Abin da ya dace shi ne ƙarfen cire boljoyin mai kusa. In babu, tokare babbar guduma a bayan idon hannun tayar, ka bugi ɗaya gefen idon da wata gudumar, bugu mai kaifi. Girgizar ce take sakin ta. Kada a bugi kan zaren, zai baje, kuma kada a kawo wuta a gasa wurin.

Goge ramin da ƙafar sabon ƙwallon su bushe ƙayau. Ba a sa giris a nan, gogayyar ce take riƙe su. A zaren da ke shiga tayirod ne ake shafa ɗan giris don mai kwancewa na gaba. In ƙwallon yana bin noti yana juyawa, danna shi cikin raminsa da jak ko dogon ƙarfe, zai tsaya. Sabon fil, ko sabon noti mai roba a ciki, ba tsohon ba. Ƙusa ba fil ba ce.

Mahaɗar ciki iri-iri ce gwargwadon shekarar mota da inda aka haɗa ta: akwai mai ƙwallo, akwai mai ido da bushin roba a ciki. Don haka ka tafi kasuwa da tsohuwar a hannu, ko Ƙofar Ruwa ce a Kano ko Panteka a Kaduna, a gwada su kafaɗa da kafaɗa. Mai bushin roba ba a ƙarasa ɗaure kusarta sai an sauke motar nauyinta ya zauna, tayoyi a miƙe. In aka ɗaure ta a sama, robar za ta zauna a murɗe ta yage da wuri. Wannan ƙa'idar ta shafi duk bushin hannuwan ƙasa.

Wajen saye, riƙe ƙafar sabon ƙwallon ka motsa ta. Ya kamata ta yi tauri daidai, ba ta kaɗawa, ba ta kuma cije ba. Ja robarsa ka gani ko mai laushi ce mai kauri. Araha ba ta ado, kuma a kan tayirod na fi son sabo mai kyau a kan na gwanjo wanda ban san ramin da ya faɗa ba. Tayirod da ya lanƙwashe ba a miƙe shi, wanda ya tsage ba a yi masa walda. Zafi yana canza ƙarfin ƙarfen, kuma inda aka yi waldar nan zai karye ba tare da ya fara lilo ya sanar da kai ba.

Faifan roba na sanda

Miƙe tayoyi, sa alamar fenti a sandar sama da ta finiyan don su koma yadda suke. Kwance kusoshin, cire faifan, ka lura da yadda kowane wasa da ƙarfen tsaro suke zaune, hoto da waya yana taimakawa. Sayi na ainihi mai zare a ciki, kada a yanko maka daga tsohuwar taya. Kusar da ke matse maƙogwaron haɗin a kan finiyan tana da kwarin da take bi a jikin sandar. In ba ta shiga kwarin nan ba, haɗin zai iya zarewa ko da an matse shi iya ƙarfi. In mai na ɗiga kan faifan daga inji, a toshe yoyon, domin baƙin mai yana ruɓar da roba.

Shi kansa rak ɗin

In an gyara duk na sama lilo bai tafi ba, ko kana jin bugu daga cikin gidan, to lokacinsa ya yi. Wurare uku ne suke ci. Na farko bushin ɗin da ke riƙe sandar a bakin da ke nesa da finiyan, wato gefen dama a motocinmu masu sitiyari a hagu, kuma gefen ne ya fi shan duka a bakin kwalta. Kama sandar a nan ka ɗaga sama da ƙasa, in tana bugawa bushin ne, kuma canza shi kaɗai yakan kashe ƙarar da aka daɗe ana nema. Na biyu boris ɗin finiyan. Na uku matokarin da sifirin yake dannawa a bayan sandar don haƙoranta su zauna cikin na finiyan.

A kan wannan matokarin ake tafka ɓarna. Mota kusan duk rayuwarta a miƙe take tafiya, saboda haka haƙoran tsakiya ne suke cinyewa, na gefe suna nan kusan sababbi. In ka matse har lilon tsakiya ya ɓace gaba ɗaya, da ka juya zuwa gefe sai sandar ta cije. Sitiyarin da ya cije a tsakiyar kwana ya fi mai lilo haɗari nesa ba kusa ba. Yadda ake yi: gaba a sama, tayoyi a miƙe, a rage tazarar kaɗan-kaɗan, bayan kowane ƙari a juya daga ƙarshe zuwa ƙarshe. Da an ji alamar tauri a ko'ina, a koma baya. In ba a sami matsayin da tsakiya ta daina bugu gefe kuma bai cije ba, haƙoran sun gama, sai wani rak.

In za ka sauke shi, cire tayirod biyu na waje, kwance haɗin finiyan, kwance kusoshin mazauni, ka zaro shi ta gefe. Wanke da kananzir, bar shi ya bushe, duba haƙoran a rana: karyayye, ramukan tsatsa, ko tsakiyar da ta yi ƙyalli ta sirance. Mirgina sandar a kan gilashi ko tebur mai baje, in ta lanƙwashe za ta yi ɗingishi. Sa giris mai kyau a haƙora da bushin, amma kada a cusa shi har ya cika robobin, domin iska tana bukatar wucewa daga wannan gefe zuwa wancan yayin da ɗaya ke matsewa ɗaya na buɗewa. Kafin a mayar da shi, ƙirga zagayen finiyan daga ƙarshe zuwa ƙarshe, raba biyu, tsayar da shi a tsakiya, sannan a haɗa da sitiyari yana miƙe. Wanda ya tsallake wannan zai tarar motarsa tana kwana sosai ta hagu, ta dama kuwa sai ya yi ribas.

Mai fawa

Ba kowace 504 ke da shi ba. In taka tana da shi, man giyar otomatik irin Dexron ake zubawa, ba man birki ba, wanda zai kumbura duk sil ɗin ciki. Mai lafiya ja ne garau. In ya yi baƙi yana ƙauri, a canza. In yana kumfa, iska na shiga ta tiyon dawowa. Kuka lokacin kwana yawanci ƙarancin mai ne ko bel ya saki. In ka matsa robar zuga-zugi ka ji mai a ciki, sil ɗin rak ne ke yoyo. Bayan kowane aiki, gaba a sama, inji a kashe, a juya ƙarshe zuwa ƙarshe sau da yawa ana ƙara mai, sannan a tayar a maimaita har kumfa ta ƙare. Kada a danne sitiyari a ƙarshe fiye da 'yan daƙiƙu, famfon ne yake wahala.

In motarka mai akwati ce

Yawancin Volkswagen Beetle, da Mercedes W123 da tsohuwar Land Rover ba su da rak, akwatin sitiyari gare su. Gwajin mutum biyu bai canza ba, sai dai mahaɗan sun fi yawa. A W123 ka duba hannun da ke ɗaya gefen yana tallafar sandar tsakiya, bushin ɗinsa yana ci. A ita da Beetle akwai ɗan shokoziban sitiyari a kwance, in ya mutu gaba yana karkarwa bayan an faɗa rami. Akwatin an ƙera shi ne ya fi matsewa a tsakiya, don haka a tsakiya kaɗai ake auna shi, a nan ake daidaita shi. Sassauta notin kulle, juya kusar kaɗan, abin da bai wuce kashi ɗaya cikin takwas na zagaye ba, kulle, gwada. Ka san alkiblar motarka tukuna: a akwatuna da yawa ciki ake murɗawa, a na Mercedes kuwa waje ake warwarewa don rage lilo.

Alaimen

Duk wanda ya taɓa tayirod, rak ko bushin, sai ya yi alaimen, kuma a ƙarshe ake yin sa. Yin alaimen a kan mataccen boljoyin zubar da kuɗi ne. Motoci masu ja da baya irin 504 suna son kawunan tayoyin gaba su ɗan tsuke ciki da 'yan milimita kaɗan, ainihin adadin yana littafin motar.

Don ka isa wurin masu na'ura ba tare da ka cinye taya ba, yi wannan a gida. Sauke motar, tura ta baya, ka dawo da ita gaba 'yan taku don komai ya zauna. Jingina miƙaƙƙen katako a jikin kowace tayar gaba, a kwance, a tsayi ɗaya, wasu su riƙe maka. Auna tazarar katakan biyu a gaban taya, ka auna a bayanta. Ta gaba ta gaza ta baya kaɗan. In motarka tana karɓar gyara ta gefe biyu, raba shi daidai don rak ya zauna a tsakiya. Bayan kowane gyara a sake tura motar kafin a auna. In sitiyari ya karkace alhali rak yana tsakiya, a tayirod ake gyarawa. In an kai na'ura aka ga tayar ta kwanta ciki ko waje, ko ɗaya ta ja baya, to wani abu ne ya lanƙwashe ko bushin ya mutu, a nemo shi, kada a ja tayirod don a rufe.

Kafin ka fita titi, bi kowane noti da ka taɓa da sifana, ka ga fil a wurinsa, ka ɗiga fenti a kan kowanne yadda in ya motsa za ka gani. Juya ƙarshe zuwa ƙarshe ka tabbatar taya ba ta gogar tiyon birki. Fara gwaji a fili da ƙaramin gudu: kwana hagu, kwana dama, sassauta hannu ka ga sitiyarin yana dawowa tsakiya da kansa. In bai dawo ba, koma kan matokarin rak ka sassauta. Bayan mako guda na tuƙi a sake ɗaga ta a duba alamun fentin. Daga nan kuma, duk ranar juyen baƙin mai, tunda motar tana kan rami, a duba robobin nan, a matsa wa mahaɗan da ke da kan giris nasu giris, a sa wani ya kaɗa sitiyari na minti biyu kana ƙasa da tocila.